Baƙi Launi-Launi Ne: Nazari a Kan Zane-Zanen Toyin Ojih Odutola

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. To amma idan mai zane ya tashi zana fuskar mutum, ya ɗauko baƙin launi guda ya shafe ta baki ɗaya, ta yadda ba a iya rarrabe fara'a da ɓacin rai, wa za a tambaya? Wannan ita ce matsalar da baƙar fata ya daɗe yana fama da ita a zane-zane da hotunan da wasu suka yi masa. Ana ganin launinsa tun daga nesa, amma ba a cika ganin shi kansa ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda wata 'yar Nijeriya mazauniyar Amurka, mai suna Toyin Ojih Odutola, ta tunkari wannan matsala tun tana ɗaliba, da abin da bai wuce biron da muke rubuta jarrabawa da shi ba. Za a kawo taƙaitaccen tarihinta, da halin da ta tarar a fagen zane, da dabarar da take bi wajen zana fatar mutum, sannan a duba manyan ayyukanta guda biyu. Daga ƙarshe za a ga abin da ɗalibin harshe zai iya tsinta a ciki, domin kuwa kalmar “baƙi” da muke nazari a aji ita ce wannan baiwar Allah take nazari a kan takarda.

Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Toyin Ojih Odutola a garin Ile-Ife a shekarar 1985. Mahaifinta Bayarabe ne, mahaifiyarta kuwa 'yar ƙabilar Ibo ce. A shekarar 1990 aka tafi da ita Amurka, inda suka fara zama a garin Berkeley na jihar Kalifoniya. A 1994 kuma, tana da shekara 9, iyalin suka koma garin Huntsville da ke jihar Alabama a kudancin ƙasar.

Wannan ƙaura ta biyu ita ce ta fi yi mata tasiri. Alabama jiha ce mai dogon tarihin bauta da wariyar launin fata. A babban birninta Montgomery ne Rosa Parks ta ƙi tashi ta bai wa Bature kujera a motar haya a 1955, a garin Selma kuma aka yi jerin gwanon neman 'yancin zaɓe na 1965. A nan gida Nijeriya, idan aka tambayi mutum ko shi wane ne, zai ce shi Bahaushe ne, ko Bayarabe, ko Batibi, ko ya faɗi sunan garinsu da na gidansu. Da wuya ka ji ya ce shi baƙar fata ne, tun da kowa haka yake. A Alabama kuwa, kamar yadda ita kanta ta sha bayyanawa a hirarraki, sai ta ga an tattara duk abin da ta ƙunsa an dunƙule shi a kalma guda. Ba a damu da Ife ba, ba a damu da harshen gidansu ba, ita dai baƙa ce. Ɗalibin Hausa ya san cewa a rubutun yau da kullum “baƙi” na launi da “baƙi” jam'in baƙo kamarsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne kawai suka raba su. Iyalin nan sun ɗanɗani ma'anonin biyu a lokaci guda.

Zane ne ya zama mafakarta. Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Alabama da ke Huntsville, ta gama a 2008. Ta yi na biyu a wata kwalejin fasahar zane da ke birnin San Francisco, ta gama a 2012. Tun kafin ta kammala, a shekarar 2011, gidan baje kolin zane na Jack Shainman da ke birnin New York ya shirya nunin ayyukanta ita kaɗai, alhali ba ta wuce shekara 26 ba.

Halin da Ta Tarar

Kafin a fahimci muhimmancin aikinta, ya kamata a san yadda aka saba nuna baƙar fata. A tsofaffin zane-zanen Turai, yakan fito ne a matsayin bawa ko bara, yana tsaye a gefe ko a bayan uban gidansa, yana riƙe da tire ko linzamin doki. Alal misali, a shahararren zanen nan mai suna Olympia wanda Bafaranshe Édouard Manet ya yi a 1863, akwai mata biyu: Baturiya a kwance a kan gado, haske duk ya sauka a kanta, da kuma baƙar mace mai yi mata hidima tana miƙo furanni, fuskarta ta kusa nutsewa cikin duhun bango. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Baturiyar, ita kuwa ɗayar, wadda sunanta Laure, sai a 'yan shekarun baya-bayan nan masana suka mayar da hankali sosai a kanta.

Da na'urar ɗaukar hoto ta yaɗu, matsalar ba ta kau ba. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yakan aika wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Saboda haka idan aka ɗauki baƙin mutum, sau da yawa ba abin da ke fitowa fili sai fararen idanu da haƙora. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundin hotunan gidansu ya ga irin wannan.

Akwai kuma matsala ta uku. Ko da aka fara nuna baƙar fata da niyyar tausayawa, an fi nuna shi cikin yunwa, ko yaƙi, ko sarƙa, ko zanga-zanga. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma wajibi ne a faɗe su. Sai dai idan su kaɗai ake nunawa, mai kallo zai ɗauka cewa baƙin mutum ba shi da wata rayuwa in ban da wahala.

Ba Toyin ce ta fara yaƙi da wannan ba. Kerry James Marshall, wanda aka haifa a Birmingham ta jihar Alabama a 1955, ya yi suna wajen zana mutane baƙaƙe wuluk ta hanyar haɗa nau'o'in baƙin fenti daban-daban, yana nuna su a shagon aski, ko a lambu, ko a ɗakin zama. Abin da ta zo da shi sabo shi ne kayan aikinta da kuma yadda take ɗinka labari.

Biro da Fatar Mutum

Yawancin masu zane da ake ji da su da fenti da buroshi suke aiki. Ita kuwa da baƙin biro ta fara yin suna, daga baya ta ƙara da gawayi, da fensir, da alli, da allin launi. Ba ta shafe fuska da launi guda. Takan raba ta gida-gida, ta cika kowane gida da siraran layuka masu yawan gaske, layi a kan layi, kowane rukuni yana bin tasa hanyar. Wani ya gangaro daga goshi, wani ya kewaye kunci, wani ya nutse a ƙarƙashin ido. Idan ka tsaya nesa za ka ga fuskar mutum. Idan ka matso kusa sai ka ga kamar kitso, ko saƙar tabarma, ko kunyoyin gona da aka hango daga kan dutse. Ita da kanta takan kwatanta fata da shimfiɗar ƙasa mai tudu da kwari wadda ido zai yi tafiya a cikinta. Ba mamaki da sunan nuninta na 2011 ya kasance MAPS, wato taswirori.

Wani abin lura shi ne, tawadar biro idan aka jibga ta a wuri guda ba ta tsayawa baƙa. Takan yi sheƙi, ta ɗauki wani ja-ja irin na tagulla idan haske ya doke ta. Wanda ya san rawanin ɗan Kura ko zanen turkuɗi zai gane abin da ake nufi. Marina sukan tsoma ƙyalle a baba sau da yawa har ya yi duhu, mabuga kuma su buge shi har ya riƙa walƙiya, ta yadda in ka juya shi a rana za ka ga shuɗi, ka ga ja, ka ga baƙi, duk a ƙyalle ɗaya. Haka fatar mutanen da take zanawa take. Abin da aikin yake koyarwa a fili yake: launin da ake kira baƙi tarin launuka ne, kuma wanda ya ce bai ga komai a cikinsa ba, bai tsaya ya duba ba ne.

Ta gwada wannan tunani ta hanyoyi daban-daban. A tsakanin 2012 da 2013 ta yi jerin zane-zanen fuskarta, kowane da irin gyaran gashinsa, wani da kitso, wani da aski, wani gashi a tsefe, don a ga yadda mutum ɗaya yake zama mutane da yawa a idon masu kallo. Daga 2015 kuma ta fara wani jeri mai suna The Treatment, inda ta ɗauko fuskokin fitattun Turawa maza ta zana su da irin baƙaƙen layukan nan nata. Sai ga shi mutanen da duniya ta sani sun zama da wuyar ganewa. Mai kallo yakan tsaya yana tambayar kansa: ashe da launi nake gane mutum, ko da kamanninsa? A wasu ayyukan ma ta juya abin, ta yi amfani da farin gawayi a kan baƙin allo, ta yadda duhu ya zama shi ne asali, haske kuma baƙo.

Gidajen Sarauta Biyu

Daga shekarar 2016 aikinta ya ɗauki sabon salo. Ta koma yin manyan zane-zane masu launuka, wasu tsayinsu ya kai na mutum, kuma ta ƙirƙiro wani dogon labari da ya ɗaure su wuri guda. Labarin na wasu gidaje biyu ne a Nijeriya: gidan UmuEze Amara, tsohon gidan sarauta na ƙasar Ibo, da gidan Obafemi, gidan Yarabawa na fatake da jakadu, waɗanda aure ya haɗa. Ita kuma ta shiga labarin a matsayin mataimakiyar sakataren gidan, wadda aka ba izinin fito da hotunan iyalin don jama'a su gani. An fara nuna wannan aiki a gidan adana tarihin 'yan Afirka mazauna ƙetare da ke San Francisco a 2016, sannan a gidan zane na Whitney da ke New York a 2017, ƙarƙashin sunan To Wander Determined. A 2021 aka tattara zane-zanen a littafi guda.

Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce: da a ce cinikin bayi da mulkin mallaka ba su wargaza dukiya da zuri'ar mutanen Afirka ba, yaya jikokinsu za su kasance a yau? Amsar da ta bayar ba ta da hayaniya. A wani zane, wani dattijo ne a tsaye a kan tudu yana kallon koren filayen gidansu har iyakar ganinsa. A wani kuma, yaro ne a kwance cikin bargo a darensa na farko a makarantar kwana, idonsa biyu, barci ya ƙi zuwa. Duk wanda aka taɓa kai shi makarantar kwana ya san wannan dare. Mutanen cikin zane-zanen sukan kishingiɗa, su juya baya, su kalli gefe. Ba sa murmushi don a so su, ba sa kuka don a tausaya musu. Suna zaune ne a gidansu, kai mai kallo kai ne baƙo.

A nan ne ƙarfin aikin yake. A al'adar Turai, irin wannan babban zane na mutum cikin ƙasaitattun tufafi a gaban gonakinsa, na sarakuna ne da masu ƙasa. Ta karɓi wannan salo ta zaunar da baƙar fata a tsakiyarsa, ba tare da ta yi bayani ko ta nemi izini ba. Ya kamata a sani kuma cewa Nijeriyar da ta zana ta ƙirƙira ce ta kowace fuska: a cikin labarin, magadan gidajen biyu da aka ɗaura wa auren duka maza ne, abin da dokar Nijeriya ta 2014 ta haramta.

Duwatsun Filato

Babban aikinta na biyu shi ne wanda ya fi kusa da mu. Sunansa A Countervailing Theory, wato ra'ayin da ke ƙalubalantar wanda aka saba da shi. An buɗe shi a cibiyar Barbican da ke Landan a watan Agusta na 2020, bayan annobar korona ta jinkirta shi. Zane 40 ne aka jera a jikin wani lanƙwasasshen bango mai tsawon kimanin mita 90, duka da fari da toka-toka a kan baƙi. Mai kallo yana tafiya yana bin labarin daga farko har ƙarshe, wani sauti da Peter Adjaye ya tsara yana rakiyarsa. Daga baya an kai nunin ƙasar Denmak da birnin Washinton.

Filin labarin shi ne jihar Filato, kuma duwatsun nan masu hawa kan juna da ake gani a kewayen Jos su ne suka ba ta sha'awa. Ta ƙaga wata tsohuwar al'umma inda mata mayaƙa da ake kira Eshu suke mulki, maza kuma da ake kira Koba an ƙera su ne don su yi haƙar ma'adinai da noma. Doka ta hana kusanci tsakanin ɓangarorin biyu. Sai wata mayaƙiya mai suna Akanke da wani bawa mai suna Aldo suka saba da juna, ta fara sauraron abin da yake faɗa, daga nan tsarin da ta taso a ciki ya fara tsagewa a idonta. A ƙarshen bangon akwai wata takarda da ke cewa wai an tono waɗannan zane-zane ne a jikin baƙaƙen duwatsu a Filato, da sa hannun Toyin a matsayin masaniyar binciken kayan tarihi.

Me ya sa ta yi wannan wasa? Akwai tarihi a bayansa. A shekarar 1910 wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius ya je Ile-Ife, mahaifarta, ya ga kawunan mutum-mutumi na ƙarfe da na yumɓu masu ban mamaki. Da yake zuciyarsa ba ta yarda cewa baƙar fata zai iya irin wannan aiki ba, sai ya ce ai ragowar wata ɓatacciyar ƙasa ce mai suna Atlantis da ke cikin tatsuniyoyin Girkawa. Ya ƙirƙiri labari, aka karɓa a matsayin ilimi na wani lokaci. Ita ma sai ta ƙirƙiri nata, ta sa masa rigar ilimi, don mai kallo ya koyi tambayar wanda ya ba da labari da kuma abin da yake nema da shi. Zaɓen Filato ma ba a banza ba ne. A wajen haƙar kuza ne aka fara tsintar mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok na kudancin Kaduna a 1928, Bernard Fagg ya fara nazarinsu a 1943, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Ƙasar da ta taɓa fito da abin da ba a zata ba, labarin ƙarya a kanta yana saurin shiga kunne.

Har ila yau, juya mulki da ta yi, ta ba mata, bai sa duniyar labarin ta zama mai adalci ba. Zalunci yana nan, masu yin sa ne kawai suka sauya. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda aka taɓa dannewa ya kuma sami dama.

Inda Ake Iya Yin Ƙorafi

Ba a rasa abin cewa. Na farko, mai karatu na iya tambaya ko sai baƙar fata ya zama attajiri mai gidan gado kafin a ga mutuncinsa. Ina manomi, ina mai tallan ƙosai? Ana iya amsawa da cewa talaucin Afirka ba ya rasa masu ɗaukar hotonsa, kuma masu arzikin da ta zana ba ta nuna su cikin jin daɗi kullum ba, akwai kaɗaici da gundura a fuskokinsu. Duk da haka tambayar tana da nauyi.

Na biyu, duk manyan nune-nunen da aka ambata a sama a Amurka da Turai aka yi su. A 2021 an sayar da wani zanenta a kasuwar gwanjo a New York a kan fiye da dala miliyan 2. Matashin da ke zaune a gindin duwatsun da ta zana, in ba ta wayar hannu ba, da wuya ya ga aikin. Ko da ta wakilci Nijeriya a babban bikin zane na birnin Venice a Italiya a 2024, cikin masu fasaha 8 da suka haɗa da Yinka Shonibare da Fatimah Tuggar haifaffiyar Kaduna, a can ne aka yi kallon. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, ƙarancin wuraren baje koli da masu saye a gida ne ya jawo shi.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda ƙaura zuwa Alabama ta sa Toyin Ojih Odutola ta fara tambayar ma'anar launinta, da yadda ta yi amfani da biro ta nuna cewa baƙar fata tana da zurfi da sheƙi, da kuma yadda ta yi amfani da ƙagaggen labari ta ba baƙin mutum gida da tarihi da ikon yin shiru.

Ga mu ɗaliban harshe, akwai aikin da ya rage. Mu dubi yadda Hausa take amfani da wannan kalma: baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana, baƙar aniya, baƙar wahala, a ɗaya gefen kuma farin ciki da farin jini. Wannan salo tsoho ne a harshen, kuma yana da alaƙa da duhun dare da hasken rana. Amma yarinyar da ta tashi tana jin ana yaba “fara tas”, tana kuma ganin mayukan sauya launin fata a kowace kasuwa, tana iya ɗaukar wani darasi da ba a yi niyyar koya mata ba. Sai dai harshen nan dai shi ne ya kira harafi “baƙi”, har almajiri yake fara karatu da babbaƙu kafin farfaru, da tawadar da akan haɗa da gawayi da ƙaro. Shi ne kuma ya tanadi wankan tarwaɗa, da amsa-kama irin su wuluk da ƙirin da siɗik, waɗanda ke nuna cewa Bahaushe ya daɗe da lura baƙi ba iri ɗaya ba ne. Zai yi kyau wani daga cikinmu da ke neman batun kundin digiri ya tattara kalmomin launin fata a Hausa da na harshensa na gida, ya kwatanta su, ya ga wanne ake yabo da shi, wanne ake zagi da shi, kuma tun yaushe. Kafin nan, duk mai waya a hannu ya nemi sunan wannan mai zane, ya buɗe hoto ɗaya, ya faɗaɗa shi har ya ga layukan biron. Gani ya kori ji.